Me ya sa jiki ke ƙera ƙwayoyin da ke danne garkuwarsa? Tambaya kan MDSC a ciwon daji da kumburi

Mai neman sani ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Tambayata a kan wasu fararen ƙwayoyin jini ce da ake taƙaita sunansu da MDSC, waɗanda aka ce daga ɓargo suke fitowa, kuma aikin da aka san su da shi shi ne danne sauran ƙwayoyin garkuwar jiki, musamman ƙwayoyin T masu farautar duk ƙwayar da ta rikiɗe ta zama ta ciwon daji. Abin da na fahimta daga karatuna shi ne suna yawaita a jinin masu ciwon daji da kuma cikin ƙarin kansa, kuma gwargwadon yawansu, gwargwadon yadda ciwon yake ƙin jin magani.

Inda kaina ya ɗaure shi ne, me zai sa jiki ya ƙera abin da zai karya garkuwarsa? Ƙarin ne yake ƙirƙiro su, ko kuwa dama can suna nan ya same su ya yi amfani da su? Abin da ya ƙara rikita ni, na ga ana ambaton su a tarin fuka da ciwon hanta, har ma da mace mai juna biyu da jariri sabon haihuwa, alhali waɗannan biyun na ƙarshe ba ciwo ba ne. Sannan idan har an tabbatar suna kare ƙari, me ya hana a haɗa maganin da zai share su gaba ɗaya a huta? Ina roƙon wanda ya san fannin ya warware mini, ko da bayanin zai yi tsawo.

Malamin ilimin garkuwar jiki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Amsar tambayarki ta biyu ita ce ke buɗe sauran: ƙari bai ƙirƙiro komai ba, tsarin da jiki ke kwantar da kumburi da shi ya samu ya hau kai.

Sai an fara daga yadda abin yake a jikin mai lafiya. Ɓargo yana fitar da wani dangi na fararen ƙwayoyin jini da ake kira dangin mayeloyid, wanda ya ƙunshi nutrofil da monosait, kuma monosait ɗin ne ke zama makrofaj idan ya bar jini ya shiga nama. Nutrofil kaɗai, ɓargon baligi yana fitar da kimanin biliyan 100 a kowace rana, kuma ba sa daɗewa a raye. Idan cuta ta shiga ko an ji rauni, saƙo mai ƙarfi yakan isa ɓargo ya ninka aiki, ƙwayoyin su fito su yi faɗansu, da zarar an gama da cutar saƙon ya yanke, komai ya koma yadda yake. Ciwon daji kuwa saƙonsa bai kai na cuta mai zafi ƙarfi ba, sai dai ba ya yankewa. Wata da watanni ƙarin yana zuba sinadarai irin su GM-CSF da G-CSF da VEGF da IL-6 a cikin jini, ɓargo na ta fitar da ƙwayoyi a gaggauce, da yawansu ba su gama nuna ba. Wannan shi ne matakin yawaita. Mataki na biyu yana zuwa daga sinadaran kumburi, irin su IL-1β da TNF da furostagilandin E2, waɗanda ke juya halin ƙwayoyin nan daga faɗa da cuta zuwa hana wasu faɗa. Sai matakan biyu sun haɗu ake samun MDSC. A saifar ɓera mai lafiya, ƙwayoyin da ke ɗauke da alamominsu ba su wuce kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari ba, amma a ɓeran da aka dasa wa ƙari suna iya kai kashi 20 zuwa 40, har saifar ta kumbura a gan ta da ido.

Gida biyu ne manya. Akwai masu kama da nutrofil, su ne PMN-MDSC, kuma su suka fi yawa a akasarin cututtukan daji. Akwai masu kama da monosait, su ne M-MDSC, waɗanda ba su kai na farko yawa ba, amma ɗaya-ɗaya sun fi su ƙarfin danniya, kuma idan suka shiga cikin ƙari sukan rikiɗe su zama makrofaj masu yi wa ƙarin hidima.

Hanyar danniyarsu da aka fi nazari a kanta ita ce ta yunwa. Ƙwayar T ba ta hayayyafa sai da wani amino asid, wato ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, mai suna arjinin. MDSC suna ɗauke da enzayim ɗin arjines wanda ke farfasa arjinin ɗin da ke kewaye da su, sai ƙwayar T ta rasa wani sashe na furotin ɗin da take gane abokin gaba da shi, sashen da ake kira zeta, ta tsaya cak, tana raye amma ba ta rabuwa, ba ta kisa. Haka suke yi da wani amino asid ɗin mai suna sistayin: suna kwashe shi su riƙe, alhali ƙwayar T ba ta iya haɗa nata, sai dai ta jira wanda maƙwabtanta suka saki. Hanya ta biyu ta guba ce. Suna fitar da nitrik oksayid da wasu ɓurɓushin oksijin masu ƙuna, biyun su haɗu su zama feroksinaitirait, wanda ke ɓata furotin ɗin gane abokin gaba, kuma yana ɓata sinadarin kira mai suna CCL2 ta yadda ƙwayoyin T ba sa amsa kiran amma dangin mayeloyid suna amsawa. Shi ya sa a wasu ƙararrakin, idan aka yanka aka duba a maikiroskof, sai a ga ƙwayoyin T sun yi cincirindo a gefe, tsakiyar kuwa babu su. Ban da waɗannan, suna sakin IL-10 da TGF-β masu ƙara yawan ƙwayoyin T na sulhu, kuma a tsakiyar ƙari inda oksijin ya yi ƙaranci suna ɗora PD-L1 a bayansu, wanda ke sa wa ƙwayar T takunkumi. A 2019 aka nuna cewa masu kama da nutrofil suna zuƙar kitse ta wata ƙofa mai suna FATP2 su sarrafa shi ya zama furostagilandin E2.

Hidimarsu ga ƙari ba ta tsaya a kan garkuwa ba. Suna fitar da VEGF da MMP9, na farko yana tsiro da sababbin jijiyoyin jini, na biyu yana sassauta naman da ke kewaye, kuma sukan riga ƙwayoyin daji isa huhu ko hanta su gyara musu wurin sauka.

To, ki dubi jerin nan da kyau: kwantar da ƙwayoyin T, tsiro da jijiyoyin jini, sake fasalin nama. Duk abin da rauni ke buƙata ne kafin ya warke. Ƙwayar T da aka saki ba ta da tausayi, in ba a tsayar da ita ba sai ta haɗa da naman da ba shi da laifi, don haka dole a samu masu raba faɗa. Matsalar ita ce mai raba faɗan nan bai san wanda ke da gaskiya ba, duk wanda ya ɗaga hannu shi yake riƙewa. Tun 1863 Rudolf Virchow na Jamus ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari ya danganta ciwon daji da tsohon kumburi, kuma a 1986 Harold Dvorak na Amurka ya siffanta ƙari da raunin da ba ya warkewa. MDSC suna daga cikin abin da ke bayyana maganar tasu a matakin ƙwayar halitta.

Ma'aikacin ɗakin gwaji ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Malam sani. Ban da ja a kan bayaninsa, sai dai ina so ƙanwata ta san cewa abin da ke zaune daram a littafi yana rawa a kan teburin gwaji.

Sunan MDSC a 2007 aka daidaita a kansa, cikin wata wasiƙa da Dmitry Gabrilovich da Vincenzo Bronte da Suzanne Ostrand-Rosenberg da wasu abokan aikinsu suka buga a mujallar Cancer Research, domin kafin nan kowane ɗakin bincike da sunan da yake kiran su. Amma har yau babu wata alama guda da za a ɗora wa ƙwaya a ce wannan MDSC ce, wannan kuma nutrofil ce ta yau da kullum. A ɓera ana amfani da alamomin da ke bayan ƙwayar, wato CD11b da Gr-1, sannan a raba su da Ly6G da Ly6C, kuma nutrofil da monosait na ɓera mai lafiya ma waɗannan alamomin suke ɗauke da su. A ɗan Adam babu Gr-1 sam. Masu kama da monosait sun ɗan fi sauƙi, domin suna da CD14 amma HLA-DR ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Masu kama da nutrofil kuwa da nauyi ake raba su. Ana kwantar da jini a hankali bisa ruwan Ficoll a cikin kwalba, a wulwula shi a inji, sai jajayen ƙwayoyi da nutrofil na ƙwarai su nutse ƙasa, wani farin zobe siriri ya tsaya a tsakiya. Nutrofil ɗin da aka samu a cikin zoben nan, waɗanda suka ƙi nutsewa, su ake zargi. To amma idan jinin ya yi wasu sa'o'i a ajiye kafin a sarrafa shi, nutrofil na ƙwarai ma sukan zubar da abin da ke cikinsu su yi sauƙi su haura zoben, sai lissafi ya ɓaci. Idan kuma aka daskarar da samfurin don a auna daga baya, akasarinsu mutuwa suke yi. Duk takardar da ta ƙirga PMN-MDSC daga daskararren jini, ni da taka-tsantsan nake karanta ta.

A 2016 aka samu ci gaba biyu: an gano LOX-1 a matsayin alamar da ke taimakawa wajen bambanta PMN-MDSC na ɗan Adam da sauran nutrofil, kuma masana fannin suka fitar da ƙa'idojin da suka nuna alama kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa ƙwayoyin da ƙwayoyin T a faranti an ga sun hana su rabuwa. Saboda haka ne wasu masana, musamman masu nazarin nutrofil, suke ganin bai kamata a ɗauke su a matsayin jinsi na daban ba. Ni ma can na karkata. A ganina hali ne da nutrofil da monosait ke shiga idan kumburi ya daɗe, kuma wannan fahimtar tana da tasiri a kan tambayarki ta magani.

Mai neman sani ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode yayana. Yanzu na gane dalilin samuwarsu. Amma idan daɗaɗɗen kumburi ne ke haifar da su, ashe ke nan suna iya kasancewa a wurin tun kafin ciwon daji ya tsiro? Ina nufin, shin suna cikin masu jawo ciwon, ko kuwa sai ya kafu suke zuwa su kare shi? Kuma ina jiran bayanin mai juna biyu da jariri, domin a nan ne nake sa ran ganin amfaninsu a fili.

Malamin ilimin garkuwar jiki ya rubuta:

Suna iya riga ciwon zuwa, kuma gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna haka ƙarara. A 2008 aka ba da rahoton wasu ɓerayen da aka sauya wa ƙwayar gado ta yadda tumbinsu ke fitar da IL-1β ba tsayawa: kumburi ya fara kama tumbin, MDSC suka taru tun da wuri, daga baya ciwon daji ya biyo. A 2013 kuma aka nuna cewa a ɓerayen da daɗaɗɗen kumburin hanji ke kai su ga ciwon daji, idan aka cire CXCR2, wato ƙofar da MDSC ke jin kira ta cikinta, ƙararrakin da ke fitowa suna raguwa sosai. Wannan ya dace da abin da aka daɗe da sani a ɗan Adam, cewa ƙwayar cutar Helikobakta a tumbi, da cutar hanta nau'in B da C, da daɗaɗɗen kumburin babban hanji, duk suna ƙara haɗarin ciwon daji a wurin da suka zauna. Ɓarnar ta fuska biyu ce, domin ɓurɓushin oksijin ɗin da ake fitarwa yana lahanta ƙwayar gadon naman wurin, sannan ƙwayoyin T da ya kamata su kawar da wadda ta lalace an riga an ɗaure su.

Cutar hanta nau'in B misali ce mai kyau, domin a nan amfani da illa suna cakuɗe. Ƙwayar cutar ita kanta ba ta cika kashe ƙwayoyin hanta ba, garkuwar jiki ce ke yi musu ɓarna a ƙoƙarin kawar da ita. Wani bincike da aka buga a 2015 ya gano cewa masu ɗauke da cutar da yawa a jini amma hantarsu ba ta kumbura ba suna da MDSC masu arjines da yawa, kuma adadin yana sauka a lokacin da hantar ta tashi. Ke nan suna kare hanta, amma kuma suna barin cutar ta zauna. A tarin fuka da cutar HIV ma an same su da yawa. A sefsis, wato lokacin da cuta ta game jiki har gaɓoɓi suka fara gazawa, tasowarsu da farko tana iya rage wutar kumburin, sai dai waɗanda MDSC ɗinsu suka daɗe a sama bayan haka sun fi kamuwa da wata cutar a gadon asibiti. An ga irin wannan yanayin a masu tsananin korona a 2020.

Game da juna biyu, rabin ƙwayar gadon ɗan tayi na uba ne, baƙo ne ga garkuwar uwa, kuma MDSC suna ƙaruwa a jinin mai ciki da cikin mabiyiya, su sauka bayan haihuwa. Jariri kuma yana fitowa ne daga wurin da kusan babu ƙwayoyin cuta, nan take biliyoyinsu su fara cika masa hanji, kuma da garkuwarsa za ta far musu gaba ɗaya da hanjin ya ƙone. A 2018 aka nuna cewa MDSC suna yawaita na ɗan lokaci a farkon rayuwa, cewa furotin ɗin laktoferin da ke cikin nonon uwa yana taimaka wa samuwarsu, kuma bakwaini masu ƙarancin nauyi ƙwarai, waɗanda su ne suka fi kamuwa da ruɓewar hanji, nasu sun fi ƙaranci. Shi ya sa masu binciken dashen gaɓa da na ɓargo suke neman hanyar ƙara su, a daidai lokacin da masu binciken ciwon daji ke neman hanyar rage su.

Likitar ciwon daji ta rubuta:

Ƙanwata, bari in ɗauki tambayarki ta ƙarshe, tunda mu ne muke gaban marasa lafiya. Ba za a iya share su gaba ɗaya ba, saboda abin da ɗan uwa na ɗakin gwaji ya faɗa: duk maganin da zai kashe su zai haɗa da nutrofil na ƙwarai, kuma mara lafiyar da nutrofil ɗinsa suka faɗi ƙasa, zazzaɓi ɗaya yana iya halaka shi cikin sa'o'i. Har ma G-CSF ɗin da Malam ya lissafa cikin masu yawaita MDSC, shi ne allurar da muke yi wa wasu marasa lafiya bayan kemo don ɓargonsu ya farfaɗo, kuma ba za mu fasa ba, domin haɗarin da muke gudu ya fi kusa. Ko da an kashe su ma, gajeren rai ne da su, ɓargo zai maido da wasu cikin kwanaki matuƙar ƙarin yana nan yana aika saƙo.

Abin da ya sa muka damu da su shi ne magungunan da ke cire wa ƙwayoyin T takunkumi, waɗanda suka fara da ipilimumab a 2011, kuma a kansu James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018. Sun sauya makomar wasu marasa lafiya, musamman masu sankarar fata ta melanoma, amma akasarin waɗanda ake bai wa su a cututtukan daji daban-daban ba sa samun amfani mai ɗorewa. An sha ganin cewa masu MDSC da yawa a jini kafin fara maganin su ne suka fi ƙin amsawa. A 2020 bincike biyu manya suka nuna haka nan game da IL-8, sinadarin da ke kiran nutrofil zuwa ƙari. Ko a gwajin jini na yau da kullum, idan nutrofil sun rinjayi limfosait, wato dangin da ƙwayoyin T ke ciki, da tazara mai yawa, alama ce da ba ma so, ko da yake awo ne mai kauri da ba ya bambance MDSC da sauran.

An gwada hanyoyi da dama. Wasu magungunan kemo, irin su gemcitabine da 5-FU, suna rage su a ɓera, kodayake an gano 5-FU yana sa su saki IL-1β yayin da suke mutuwa, wanda ke rage ribar. ATRA, wanda ake samu daga bitamin A, yana tura su su gama nuna, kuma an ga ya rage su a masu ciwon dajin ƙoda. Tadalafil, wanda aka fi sani da maganin raunin mazakuta, ya rage su a masu ciwon dajin kai da wuya. Magungunan toshe CXCR2 suna hana su isa ƙari, kuma a 2023 aka ba da rahoton ƙaramin gwaji a masu sankarar furostet inda wasu suka amsa. Duk waɗannan ƙananan gwaje-gwaje ne, kuma raguwar adadi a jini daban, tsawon ran mara lafiya daban. Manyan gwaje-gwajen da suka taɓa wannan ɓangaren sun koya mana hattara. Epacadostat, mai toshe enzayim ɗin IDO da ke cinye tiriftofan, wani amino asid ɗin da ƙwayar T ke buƙata, ya ba da fata sosai da farko, amma a 2018 babban gwajinsa a melanoma ya nuna bai ƙara komai ba a kan maganin cire takunkumi na pembrolizumab shi kaɗai. Canakinumab mai toshe IL-1β kuma, a gwajin CANTOS na 2017 da aka yi wa masu ciwon zuciya sama da 10,000, an ga ciwon dajin huhu ya ragu a cikin waɗanda suka karɓe shi, amma da aka ba wa waɗanda ciwon ya riga ya kama, bai yi aiki ba. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne kwantar da kumburi kafin ƙari ya kafu ya fi sauƙi a kan warware shi bayan ya kafu da hanyoyin danniya biyar ko shida a lokaci guda. Kuma don Allah kada wani mai karatu ya ga sunan tadalafil ko bitamin A ya je ya saya wa mara lafiyarsa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji ya rubuta:

Likita ta yi gaskiya, kuma ina da ƙarin dalili ɗaya na yadda abin da ya yi aiki a ɓera yake ƙin yi a mutum. Nutrofil su ne kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam, a ɓera kuwa ba su wuce kashi 10 zuwa 25 ba. Arjines ma ba wuri ɗaya yake zama ba: a ɓera an fi samun sa a cikin makrofaj da dangin monosait, a mutum kuwa cikin ƙananan jakunkunan nutrofil yake a ajiye, sai an tayar da su suke zubo shi waje. Sannan ƙarin da ake dasa wa ɓera a ƙarƙashin fata cikin 'yan makonni yake girma, na mutum kuwa yakan yi shekaru yana zaune da garkuwar jikin mai shi. Saboda haka, ƙanwata, idan kika ɗauki takardar bincike a kan MDSC, ki fara duba ko a ɓera aka yi ko a mutum, ko daga jini aka ɗebo ƙwayoyin ko daga cikin ƙarin, sannan ko an gwada su da ƙwayoyin T a faranti ko kuwa alamominsu kawai aka ƙirga.